Yadda Ake Kula Da Matatar Iska Ta Iyakwandishan Da Janareta

Duk wanda ke zaune a ƙasar Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san kusan rabin shekara a cikin ƙura ake yin ta. Da kaka ta kama, ƙaiƙayin masara da dawa da shinkafa ke tashi a masussuka. Kafin a ankara hunturu ya shigo da hazonsa, ya zauna tun daga Nuwamba har cikin watan Maris. Daga nan sai bazara ta biyo baya da guguwa da iskar hadari. Wannan ƙura ba hancin mutane da maƙogwaronsu kaɗai take shiga ba. Tana shiga cikin duk wata na'ura da ke zuƙar iska, wato iyakwandishan, da fanka, da firiji, da janaretan da ke ba su wuta.

A da sai a sakatariyar ƙaramar hukuma ko babban asibiti ake ganin iyakwandishan. Yanzu kuwa ana samun sa a gidaje, da kantunan magani, da masallatai, da shaguna a Ikara, da Paki, da Maƙarfi, da Hunkuyi, har da wasu ƙauyuka. Da yawa daga cikin na'urorin nan na hannu ne, an sayo su ba tare da littafin bayaninsu ba. Saboda haka mai gida yakan yi shekara yana aiki da na'ura bai san cewa a cikinta akwai wani ɗan abu da ke bukatar wanki ba. Wannan ɗan abu shi ne matatar iska. Rashin kula da shi kuwa shi ke kashe na'urori masu tsada tun kwanansu bai ƙare ba.

MECE CE MATATAR ISKA?

Matan gida sun san aikin rariya da mataci. In za a dama koko, sai an tace gasara, ruwan ya wuce, dusa ta tsaya. To, aikin matatar iska ke nan, sai dai ita iska take tacewa. Iska ta wuce, ƙura da gashi da zare da ƙananan ƙwari su tsaya. Masu gyara suna kiran ta filta. Ta jikin inji kuma makanikai na ce mata iya-kilina.

A jikin iyakwandishan, matatar wata raga ce ta roba mai ƙananan idanu, kamar gidan sauro, an ɗaure ta a jikin firam. In na'urar mai kashi biyu ce, wato wadda ake rataye rabi a bangon ɗaki, rabi a waje, ragar guda biyu ce, tana ƙarƙashin murfin gaba. In kuwa irin ta da ce mai shiga cikin bango ko taga, ragar guda ɗaya ce, ana zaro ta daga gefe ko bayan an cire fuskar na'urar.

Ya kamata a gane cewa iyakwandishan ba daga waje yake kawo sanyi ba. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya bi da ita ta kan wasu bututai masu sanyi ƙwarai, sannan ya huro ta. Bututan nan suna lulluɓe da siraran ƙarafa na alminiyam, jere kamar haƙoran matsefi. A cikin sa'a guda iskar ɗaki takan ratsa na'urar sau da dama. Ashe ke nan duk ƙurar da ta shigo ta ƙofa, ko ta tashi daga tabarma da darduma da labule, sai ta bi ta kan ragar nan.

DAGA INA ƘURAR KE ZUWA?

Ƙura iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda babura da motoci ke tayarwa a hanyoyin da ba kwalta, da ta shara, da ta sussuka, da tokar da ke tashi a wuraren dafa mazarƙwaila a yankin Maƙarfi da Kudan. Wannan tana da kauri, ido na ganin ta.

Akwai kuma baƙuwa, wato hazon hunturu. Mafi yawansa daga arewacin ƙasar Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙaton tafki ne. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce ba wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Wadda ke sauka a kan rufin kwano a Ikara, 'yar'uwarta ce ke ƙetare tekun Atalantika har ta faɗa dajin Amazon a ƙasar Barazil.

Wannan ne ya sa ƙa'idar da aka rubuta don ƙasashen Turai ba ta wadatar ba a nan. A Amurka da Kanada gidaje da yawa na da na'ura guda mai hura ɗumi da sanyi ta cikin bututai zuwa kowane ɗaki. Matatarta ta takarda ce, ba a wanke ta, akan jefar a sa sabuwa bayan wata ɗaya zuwa uku. A ƙasar Hausa kuwa raga ce ake wankewa a mayar, amma a lokacin hazo takan toshe cikin 'yan kwanaki.

ABIN DA KE FARUWA IN MATATA TA TOSHE

Mutumin da mura ta toshe wa hanci ba ya iya noma kamar mai lafiya. Haka na'ura take. In raga ta cika da ƙura, abubuwa huɗu ke biyo baya.

Na farko, iska ta ragu. Na'ura na ta ƙugi amma ɗaki ba ya sanyi.

Na biyu, ƙanƙara ta kama bututan ciki. Dalili kuwa shi ne iskar ɗaki mai ɗumi ba ta isa gare su yadda ya kamata, sai sanyinsu ya wuce kima, raɓar da ke kansu ta daskare. In ƙanƙarar ta narke sai ruwa ya riƙa ɗiga a bango ko a kan gado.

Na uku, cin wuta ya ƙaru. Kwamfuresa, wato injin da ke cikin akwatin waje, yakan huta in ɗaki ya yi sanyi. In ɗakin bai yi sanyi ba, ba ya samun hutu. Ma'aikatar makamashi ta ƙasar Amurka ta bayyana cewa sauya matata mai datti da mai tsabta na iya rage cin wutar iyakwandishan da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Misali, in na'ura na cin wutar naira 10,000 a wata, ana iya asarar naira 500 zuwa 1,500 a banza. Mai janareta ya fi jin jiki, musamman tun daga ƙarshen watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki.

Na huɗu, kwamfuresa ya ƙone. Shi ne mafi tsada a duk jikin na'urar. In ya mutu, sau da yawa kuɗin gyara yakan yi kusa da kuɗin sayen wata ta hannu.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Da zarar sanyi ya ragu sai a ce gas ya ƙare, a kira mai gyara a biya kuɗin ɗuri. Alhali gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa kamar fetur. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, ba ya raguwa sai in akwai inda yake yoyo. Don haka kafin a kira kowa, a fara duba raga. In kuma mai gyara ya ce sai an ƙara gas, a nemi ya nuna inda yake zuba, ya toshe shi tukuna. In ba haka ba, an zuba ruwa a kwando ke nan.

YADDA AKE WANKE RAGAR IYAKWANDISHAN

Aikin ba ya bukatar makaniki. Magidanci, ko uwargida, ko yaro mai hankali na iya yin sa cikin minti 15, ban da lokacin bushewa.

1. A kashe na'urar, a kashe makunnin bango ko a zare filogi. Kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu.

2. A ɗaga murfin gaba da hannu biyu. A ɗan tura ragar sama kaɗan don ta fita daga maƙalinta, sannan a jawo ta ƙasa a hankali. A lura da yadda take zaune don a san yadda za a mayar.

3. A fita da ita tsakar gida kafin a kakkaɓe. In aka kakkaɓe a ɗaki, ƙurar za ta koma inda ta fito. Mai asma ko tari ya rufe hancinsa, ko ya bar wa wani aikin.

4. A kifa ragar, a zuba ruwa ta bayanta, wato ta ɓangaren da ba ƙura, don dattin ya fita ta hanyar da ya shigo.

5. In akwai maiƙo ko baƙin hayaƙi, a jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a goga da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Kada ɗumin ruwan ya wuce wanda ake yi wa jariri wanka da shi. Tafasasshen ruwa na lanƙwasa roba.

6. Kada a sa fetur, ko kananzir, ko ruwan batir, ko soson ƙarfe.

7. A ɗauraye sosai, a girgiza, a jingine ta a inuwa har ta bushe sarai. Kada a shanya a rana, kada a kanga a wuta. Rana na sa roba ta bushe ta karye.

8. A mayar da ita mazauninta, a rufe murfi. Kada a mayar da jiƙaƙƙiyar raga, domin ƙura na manne mata nan da nan, kuma tana kawo funfuna da wari.

Kamfanonin da ke ƙera na'urorin nan sun ce a wanke raga duk mako biyu. A lokacin hazo da bazara, ko a gidan da ke bakin hanya ko kusa da injin niƙa, gara a duba duk mako. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ɗaga ragar sama a dubi haske ta cikinta. In ana hango haske tar, da sauran kwana. In ya yi dishi-dishi, lokacin wanki ya yi.

YAUSHE AKE SAUYA TA?

Raga ba ta dawwama. A sauya ta in ta yage, ko firam ɗinta ya karye, ko ta lanƙwashe ba ta zama daidai, ko kuma an wanke amma idanunta sun ƙi buɗewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓula ɗaya kamar girman kwabo ta isa ta bar ƙura ta wuce, domin iska kullum hanya mai sauƙi take bi.

Mai zuwa saye ya tafi da tsohuwar a hannu, ko ya rubuta sunan na'urar da lambarta da ke manne a gefenta. Akan samu a wurin masu gyaran firiji da iyakwandishan a Sabon Garin Zariya ko a Kano. In ba a sami irinta ba, masu gyara kan yanko sabuwar raga su ɗaura a tsohon firam. Wannan ba laifi, muddin idanun ragar ƙanana ne kuma ba a bar kafa a gefe ba.

Abubuwa biyu ne ba a yi. Ba a cire raga a ci gaba da aiki da na'ura haka nan. Wanda ya yi haka zai ji iska ta ƙaru a ranar farko, ya yi murna. Amma ƙurar za ta wuce kai tsaye ta manne a kan jiƙaƙƙun bututai ta zama taɓo, kuma wannan taɓo sai an kwance na'urar kafin ya fita. Haka nan ba a sa tsumma, ko buhu, ko katifa mai kauri a madadin raga. Suna tare iskar gaba ɗaya, su jawo ƙanƙara.

A kuma sani cewa ragar iyakwandishan an yi ta ne don ta kare na'ura. Ba ta tare mafi ƙanƙantar ƙurar hazo, wadda ta fi silin gashi siranta har sau 30, wadda kuma ita ce ke shiga can cikin huhu. Saboda haka gidan da ke da mai asma, ko tsoho, ko jariri, kada a dogara da na'ura kaɗai. A rufe tagogi in hazo ya yi kauri, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma goge kaya da jiƙaƙƙen ƙyalle maimakon kakkaɓewa. Duk ƙurar da aka hana shiga ɗaki, an rage wa huhu aiki, an rage wa raga.

AKWATIN WAJE DA BUTUTUN RUWA

Akwatin da ke waje ba shi da raga, amma shi ma numfashi yake yi. Ta nan zafin da aka kwaso daga ɗaki ke fita. Ƙaiƙayi, da gashin kaji, da yanar gizo, da leda kan toshe haƙoransa. A kashe wuta, a share da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, yadda haƙoran suka jeru. Kada a sa wuƙa ko tsinke, domin alminiyam ɗin na lanƙwashewa da wuri. Kada a jingina masa buhunan hatsi, ko kara, ko itace. A bar masa fili, a kuma tsare shi daga awaki da ɓeraye masu cin waya.

Akwai kuma ɗan bututun da ke zubar da ruwa waje. A lokacin da ba a aiki da na'ura, zanzaro kan gina ɗakinsa a bakinsa ya liƙe shi da laka. In aka ga ruwa na zuba a cikin ɗaki alhali raga na da tsabta, a duba bakin bututun nan.

Da yawan gidaje ba sa kunna iyakwandishan a Disamba da Janairu saboda ɗari. To, a wanke raga, a lulluɓe na'urar ciki da ta waje da ƙyalle ko leda. In zafi ya fara a ƙarshen Fabrairu, a tuna a cire lulluɓin kafin a kunna. Sau ɗaya a shekara, kafin zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 38 zuwa 40, a kira mai gyara ya wanke bututan ciki da na waje da kayan aikinsa.

NA'URA MAI RUWA, FANKA DA FIRIJI

Akwai wata na'urar sanyaya ɗaki da ake zuba wa ruwa. Ba ta cin wuta da yawa, shi ya sa masu sola ke son ta. Aikinta irin na randa ne. Ruwa na jiƙa wani soso mai ramuka kamar saƙar zuma, fanka ta jawo iska ta cikinsa, iskar ta fito da sanyi. Ta fi aiki a bazara lokacin da iska ke bushe, kuma tana son a bar taga a buɗe. Ita ma tana da raga a baya, a wanke ta duk mako. A zubar da tsohon ruwa a wanke tankin duk bayan kwana biyu ko uku, domin ruwan da ya daɗe na wari, kuma sauro na ƙwai a ciki. In soson ya yi fari ya ƙandare saboda ruwan rijiya mai gishiri, ko ya fara ruɓewa, a sauya shi.

Fanka ba ta da matata, amma ƙurar da ta taru a fikafikanta na rage iska, ta kuma watsu a kan masu barci. A kashe, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. Firiji kuma a janye shi daga bango kamar tsawon tafin hannu, a share baƙaƙen bututan bayansa da wurin injinsa sau biyu ko uku a shekara.

IYA-KILINAR JANARETA

A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, sanyin ɗaki na rataye ne a wuyan janareta. Shi kuwa ya fi kowace na'ura bukatar iska. Kafin inji ya ƙone fetur lita ɗaya sai ya zuƙi iska kimanin lita 9,000. Mai karatu ya auna yawan ƙurar da ke cikin wannan iska a ranar hazo.

In iya-kilina ta toshe, iska ta yi kaɗan, fetur ya yi yawa. Sai inji ya riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Wasu in sun ga haka sai su cire ta su yar, su ce inji ya sami sarari. Wannan ya fi toshewar muni. Ƙura na da ƙananan tsakuwa a cikinta. In ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da bangon silinda. Bayan 'yan watanni inji ya fara farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, yana shan baƙin mai, yana wuyar tashi, sai an sauke shi.

Iya-kilina iri uku ce, kowace da yadda ake bi da ita.

Ta soso. Ita ce a yawancin ƙananan janareta. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a matse, kada a murɗe don kada ta yage. A bari ta bushe sarai. Sannan a ɗiga mata sabon baƙin mai kaɗan, a mutsuka ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Man nan shi ke kama ƙura. Soson da ba mai rabin aiki yake yi. Kada a wanke da fetur, saboda gobara. In soson ya fara marmashewa, kwanansa ya ƙare.

Ta takarda. Wannan ba a wanke ta, ba a sa mata mai, ba a goga mata buroshi. A bubbuga ta a hankali a kan katako ƙurar ta zube. In ta yi baƙi, ko ta jiƙe da mai, ko ta ɓule, a sayi sabuwa.

Ta kwanon mai. Ana samun ta a manyan injinan gas irin na niƙa da na matse rake. A ƙasanta akwai ɗan kwano mai baƙin mai, ƙura na nutsewa a ciki. A zubar da tsohon man, a kwashe taɓon, a zuba sabo daidai layin da aka zana.

Littafin da kamfanin Honda ke bayarwa tare da ƙananan injinansa ya ce a share iya-kilina duk bayan sa'a 50 na aiki ko wata uku, a sauya ta takarda bayan sa'a 300 ko shekara guda, kuma a yi fiye da haka a wuri mai ƙura. Janaretan da ke aiki sa'a bakwai kullum yakan cika sa'a 50 a mako guda. Wannan ƙa'ida ta shafi injin ban-ruwa na masu tumatir da rake a fadamun Ikara da Kudan, ta kuma shafi babur. Wajen saye a guji ta jabu mai sirara, domin araha ba ta ado.

ƊUMAMA ƊAKI: ABIN DA MATATA BA TA TAREWA

A tsakiyar hunturu bukata takan juya, sai a koma neman ɗumi. Wasu iyakwandishan na zamani na hura ɗumi, kuma ragar nan dai ita ce ke aiki, wankinta ɗaya ne. Mai hita ta lantarki ya share ƙurar da ta kwanta a kanta kafin ya kunna, ya kuma nisanta ta da labule da katifa.

Amma mafi yawan gidaje da kaskon garwashi ake jin ɗumi. A nan akwai haɗarin da ya wuce asarar kuɗi. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce kuma ke fita daga salansar janareta. Ba raga, ba soso, ba takardar da ke tace ta. Iyakwandishan ma ba ya fitar da ita, juya ta kawai yake yi a cikin ɗaki. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barci sai a wuce. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya a sassan Nijeriya.

Don haka kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kada a kunna janareta a ɗaki, ko zaure, ko shago, ko lungun da ke da rufi, ko da tsoron ɓarayi ne ya sa. Hukumomin lafiya sun ba da shawarar a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar ƙafa 20, bakin salansa na kallon wani gefen. In aka ga mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya na kukan ciwon kai da jiri a lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti.

JADAWALIN SHEKARA

Oktoba zuwa Nuwamba: lokacin ƙaiƙayi. A share akwatin waje, a duba iya-kilina duk mako.

Disamba zuwa Fabrairu: lokacin hazo. A lulluɓe na'urar da ba a aiki da ita. A kiyaye da garwashi.

Maris zuwa Mayu: lokacin zafi da guguwa. A yi babban wanki kafin a fara, a wanke raga duk mako.

Yuni zuwa Satumba: damina. Ƙura ta kwanta, wanki duk mako biyu ya isa, amma a lura da funfuna da bututun ruwa.

Yana da kyau a zaɓi rana guda da ba za a manta ba, kamar ranar kasuwa ko safiyar Juma'a, a kuma rubuta kwanan watan wanki a jikin kalanda ko a bango kusa da na'urar. Abin da aikin ke ci bai wuce bokitin ruwa da ɗan sabulu ba. Abin da yake tsarewa kuwa na'ura ce da aka sayar da buhunan masara kafin a mallake ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa a kiyaye.